Saƙon Gwauraye Zuwa Zauren Jarumai

An ce wani sarki ya yi zamani a can ƙarshen arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara. Mutanensa sun yi imani cewa wanda ya mutu a fagen fama, abin bautarsu mai ido ɗaya zai kai shi zauren jarumai. A can ana yin yaƙi da safe, da yamma waɗanda aka sare su tashi a ci nama a sha giyar zuma, har ranar da za a kara da samudawa. Wanda ya mutu a kan gado kuwa, sai gidan sanyi na ƙarƙashin ƙasa.

Da sarki ya ga tsufa ya kama shi, sai ya hana a ce masa ransa ya daɗe, ya kuma sa shelar yaƙi da wani garin masunta da bai yi masa laifin komai ba, don ya samu ya mutu a fagen fama.

Wazirinsa Ketil yana da 'ya'ya maza cikin waɗanda za a tura gaba. Ya san musu da sarki ba ya da amfani, saboda haka ranar tashi sai ya shigo fada da ayarin tsofaffin mata.

Sarki ya ce, "Su wane ne waɗannan?"

Ketil ya ce, "Ya sarki, matan mayaƙanka ne da suka riga ka zuwa zauren. Sun ji za ka je, suna so ka kai musu saƙo."

Abin ya yi wa sarki daɗi, ya ce su faɗa.

Wata mai suna Ragna ta durƙusa ta ce, "Ka gaida mijina Ulfar, wanda ya tare mashi da ƙirjinsa dominka. Ka ce masa gonarmu da aka karɓe tana nan lafiya a hannunka."

Wata ta ce a gaya wa nata cewa jirgin ruwansa da fada ta karɓe ya fara yoyo. Wata kuma ta ce, "Ni ba sai ka faɗa ba. Ɗana ya bi ubansa bara, ya riga ya ba shi labari."

Sarki ya gyara zama, ya jawo waziri kusa ya ce, "A zauren nan, wa ke raba abokan faɗa da safe?"

Ketil ya ce, "Kowa shi ke zaɓar nasa, ya sarki."

"Wanda aka sare fa?"

"Ya tashi da yamma, gobe a sake."

"Har yaushe?"

"Har samudawa su zo. Kuma an ce ba su da gaggawa."

Sarki ya daɗe yana duban takobinsa, sannan ya mayar da shi kube. Ya sallami runduna, ya mayar wa Ragna gonarta, ya sa aka gyara jirgin kafin a miƙa shi ga matar mai shi.

Da fada ta watse, ya ce wa Ketil, "Ka tsorata ni da tsofaffin mata, ka kuwa yi daidai. Sarkin da ya yi wa rayayyu adalci ba ya fargabar haɗuwa da matattu."