Marin da Ya Tsare Gandun Hamon

A zamanin da, can ƙasar Ingila mai yawan ruwan sama, an yi wani sarki da rigimar gonaki ta kai shi bango. Rannan ya sa aka yi shela cewa duk wanda bai kawo shaida mai rai a kan iyakar gandunsa ba, gandun ya zama na fada.

Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai dattijo Hamon. Kakansa Osbat ne ya sare dajin, ubansa Ranulf ya kafa duwatsun iyaka, shi kuwa a nan ya binne matarsa da 'ya'yansa maza shekarar annoba. 'Ya ɗaya ta rage masa, Idoniya. Annoba ta kwashe shaidu kaf, duwatsun kuma ƙasa ta rufe su.

Hamon ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, shaiduna suna kabari. Ni na kusa bin su, amma yarinyar nan ina za ta sa kanta?"

Sarki ya ce, "Doka na riga na yi, tsoho. Waziri, me ka gani?"

Waziri, wanda ba a taɓa ganin dariyarsa ba, ya shafa kumatunsa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mu je gandun."

To, mutanen can suna da wata al'ada. In an kafa iyaka, sai a kwaso yaran gari, a kai su kan kowane dutse a kwaɗa musu mari, wai don kada su manta wurin. Kai, jama'a, wannan dabara da zafi take!

Da isarsu waziri ya tsaya gindin wata bishiya ya ce, "A tona nan." Sai ga dutse. Ya nuna bakin rafi, nan ma dutse. Haka ya kewaye gandun, sarki na biye baki buɗe.

Waziri ya ce, "Ni ɗan makiyayin gidan nan ne. Ranulf ya mare ni a kan duwatsun nan har kunnena ya yi ƙara. Haushi ya kore ni birni, can malamai suka riƙe ni."

Nan take sarki ya tabbatar wa Hamon da Idoniya gandunsu. Hamon ya durƙusa yana hawayen godiya, ya miƙa kumatu ya ce, "Rama, ranka ya daɗe."

Waziri ya tashe shi ya ce, "In rama me? Marin nan ya ba ni sarauta, ya bar wa 'yarka gida. Allah ya ji ƙan hannun da ya yi shi."

A ranar ce aka fara jin waziri ya tuntsire da dariya.