Gayyar Tsahare a Rafin Iyaka

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne!"

Wani ƙauye ne ana ce masa Ƙurya, can ƙarshen ƙasa, inda iyakar sarakuna biyu ta haɗu. Rafi ne iyakar, kuma ta tsakiyar garin ya ratsa. Da rani ko ɗan akuya tsallake shi yake yi, amma da damina sai ya cika ya batse, na nan su tsaya nan, na hayi su tsaya hayi. Damina ba ta wucewa bai ci rai ba.

A garin akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, sunanta Tsahare. Gajeruwa ce, amma bakinta bai san tsoro ba. 'Yarta ɗaya tak, Ladingo, tana aure a hayi, ga ta da cikin fari, kuma tsakiyar damina za ta taho gida goyon ciki. Duk lokacin da Tsahare ta dubi rafin nan sai ta tuna 'yarta ce za ta tsallake shi.

Rannan ta ɗaura ɗamara ta tafi wurin mai gari Kunkuru. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mana gada."

Kunkuru ya leƙo da kai a hankali ya ce, "Gada aikin sarki ce, Tsahare."

Sai Gizo ya yi tsalle ya dira a tsakiya. "Ni zan kai kuka fada! Guzuri kawai za ku haɗa mini."

Aka haɗa masa dakuwa. Ya kwana biyu ya dawo ƙafafu duk ƙura. "Sarkin Kudu ya ce rafin na Sarkin Arewa ne."

Aka haɗa masa ƙuli-ƙuli. Ya kwana biyu ya dawo yana ɗingishi. "Sarkin Arewa ya ce rafin na Sarkin Kudu ne."

Karo na uku Tsahare da kanta ta soya masa zakaranta. Washegari ta tafi ɗibar yumɓu bayan gari, me za ta gani? Gizo ne kwance a gindin kuka, ciki ya yi tirtsitsi, ƙasusuwan zakara ko'ina, yana ta munshari. Ashe ja'irin ko hanyar fada bai taɓa kamawa ba! Ta kama kunnensa ta ja shi har dandali, yana ihu yana cewa hutawa kawai ya tsaya yi.

Ta dubi jama'a ta ce, "Kun ga ɗan aikenku. Damina saura wata guda. Mu yi gayya mu gina abinmu."

Kunkuru ya girgiza kai. "Gayya sai da mai ita. Mai gona shi ke kira, shi ke ciyarwa. To rafi gonar wa ne?"

Kun ji wautar manya ko? Shekara da shekaru suna yi wa juna gayyar noma da ta rufin ɗaki, amma rafin da ke cinye musu 'ya'ya ba wanda ya taɓa kira dominsa, wai don ba shi da mai shi.

Tsahare ta buga ƙirji. "Nawa ne! Daga yau rafin nan gonata ne. Ni na kira gayya."

Kunkuru ya ce, "Kin dai san al'ada. In abinci ya yanke kafin aiki ya ƙare, jama'a watsewa za su yi, ke kuma kunya ta bi ki har kabari."

Rumbunta guda ne, shi ne cin shekararta. Ta ce, "Na ji, na yarda."

Ranar farko Kwaɗo ya kaɗa ganga, na nan da na hayi suka fito. Jaki ya yi ta jigilar duwatsu, maza suna haƙa, Gara da dakarunta suna kwaɓa laka suna liƙe tsakanin dutse da dutse. Tsahare ta dama fura, ta tuƙa tuwo. Ana sauke ƙwarya sai ga Gizo, ya shafa laka a goshi. "Wash, bayana! Aikin nan zai kashe ni." Ya share malmala uku.

Rana ta biyu Giwa ta yi ta kayar da giginya ana faskara azara, ginshiƙai suka miƙe har ƙirjin mutum. Ana sauke ƙwarya sai ga Gizo, laka har kunne. Ya share malmala biyar. Da yamma Tsahare ta hau rumbu ta leƙa, ta sa tsintsiya ta share gindinsa, ko cikin tafi ba ta samu ba. Ga azara ba a shimfiɗa ba, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ta zauna a bakin rumbun ta yi kuka, ita da ba a taɓa ganin hawayenta ba.

Rana ta uku da sassafe ta ɗauki ƙwaryarta ba kome a ciki, ta nufi rafi don ta faɗa musu gaskiya da bakinta. Tana cikin tafiya sai ta ji lugude, tim, tim, tim, daga gidan nan, daga gidan can, har daga hayi. Kafin ta isa, ga mata a jere, kowace da ƙwarya a ka.

Ta ce, "Jama'a, abincina ya ƙare."

Giwa ta ajiye kabewa goma ta ce, "Wa ya tambaye ki? Ni ma nan 'ya'yana suke bi. Rafi nawa ne."

Jaki ya sauke mangalar gero. "Ni da ya ci wa uwa? Nawa ne!"

Can sai ga Kunkuru yana tafe yana nishi, ya ɗoro tulun fura a gadon bayansa. Ya ce, "Na duba al'ada ciki da bai, ban ga inda ta hana gayya ta yi masu ita ɗari ba. Ni ma nawa ne."

Kai, ranar an yi aiki! Kafin azahar an shimfiɗa azara, an zuba ƙasa, an daɓe. Ana sauke ƙwarya sai ga Gizo da gudu yana ihu, "Ni ma nawa ne! Ni ma nawa ne!"

Tsahare ta riƙe ƙugu. "Madalla, Gizo. Mai gayya shi ke ciyarwa. Ina ƙwaryarka?"

Aka fashe da dariya har Giwa na faɗuwa ƙasa. Kunya ta rufe Gizo, ya sulale ya shige ƙarƙashin gada. Shi ya sa har yau in kun leƙa ƙasan gada, nan za ku gan shi yana saƙa, ba ya son a haɗa ido da shi.

Damina ta kankama, rafi ya cika yana ruri kamar zai haɗiye gari. Ranar da Ladingo za ta taho, Tsahare ta tsaya tsakiyar gadar tana jira. Sai ga 'yarta tana takowa a hankali, hannu a ƙugu, ko tafin ƙafarta bai jiƙe ba. Tsohuwa ta rungume ta, ta rangaɗa guɗar da aka ji a ƙasashen biyu.

Wani falke da ke wucewa da kayansa ya tsaya yana shafa azara. Ya ce, "Inna, wane sarki ne ya yi muku wannan, na Kudu ko na Arewa?"

Tsahare ta buɗe masa tafin hannunta, duk kanta da tsaga. Ta ce, "Ga shi nan. Ka shiga gari, kowane gida akwai irinsa."

To, jikokina, ku riƙe wannan: abin da ya shafi kowa, kada ku ce ba shi da mai shi. Ku ne masu shi, kuma in ɗaya ya tashi ya ce nawa ne, saura ba za su bar shi ya ji kunya ba.

Ƙungurus kan kusu, nan ta tsaya. Kowa ya tashi ya kakkaɓe tabarmarsa!