Kakin Ɗan Mai Unguwa

Akwai wata bazawara, Syokau, da ke sayar da koko a ƙofar zangon sojojin da aka kafa kusa da garin Machakos lokacin yaƙin duniya na biyu, wato yaƙin Bama. Zangon wucewa ne: a tara samari, su ɗan kwana biyu, a loda su jirgin ƙasa zuwa Mombasa.

Mai unguwa Musyimi ke kawo samarin. Ya haɗa da Nzomo, ɗanta tilo. Nasa ɗan kuwa, Kyalo, wai ciwon ƙirji gare shi.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, wa zai yi mini noma?"

Ya ce, "Ki haifi wani mana."

Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa. Jirgi ya tafi da Nzomo.

Zaman ƙofa ya koya mata abu ɗaya: ranar lodi saje ba ya kiran suna, kai yake ƙirgawa, kuma kullum sai wani ya gudu.

Ta samo tsohon kaki wurin wani soja, ta jira Kyalo ya zo shan koko yana taƙama.

"Ɗana, wannan kafaɗa ai ta kaki ce! 'Yan mata na can bakin jirgi suna rakiya. Saka su gan ka."

Gogan ya saka, har da karkata hula. Yana isa saje ya damƙe shi. "Kai, layi!"

"Ni ɗan mai unguwa ne fa!"

"Mu ma duk 'ya'yan sarki ne. Hau!"

Musyimi ya iso a guje, hayaƙi kawai ya tarar.

"Syokau, kin ga yarona?"

"Na gan shi, Baba. Barka, ƙirjin ya warke. Da ka ji ihunsa!"

Daga ranar nan kullum Musyimi yana ƙofar zango yana neman labarin ɗansa. Sojojin da ke dawowa ba sa kula shi, sun san wanda ya miƙa su. Syokau suke gaya wa, ita kuma sai tukunya ta ƙare take duban inda yake.

Yaƙi ya ƙare. Nzomo ya dawo yana ɗingishi. Aka kwashe tantuna da kwanon rufi, ciyawa ta cinye filin. Musyimi bai daina zuwa ba.

Darasi: In aka ba ka iko, kada ka miƙa ɗan wani ga abin da kake ɓoye naka daga gare shi. Ku tura wa masu riƙe da muƙami, su karanta tun da sauran lokaci.