Sawun Gada a Laka

Zaɓe kuke tambaya? To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Da can a daji, ƙato bayan ƙato ake zaɓe. Wanda bai bi layin Kura ba, ta cinye shi. Haka Gada ta rasa 'ya'ya biyu. Ta ce, "Don Allah a koma yi a asirce. Kowa ya zaga bayan suri, ya dangwala wa gwaninsa ƙafa a laka."

Kura ta ce, "Madalla, ƙanwata."

Gada ta dangwala wa Giwa, abokiyar takarar Kura, ta fito da murna. Da aka gama, Kura ta leƙa lakar, ta lashe baki.

"Ƙanwata, wannan siririn kofaton fa, na waye?"

Gada ta waiga, kowa ya sunkuyar da kai.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Bari in tashi, baƙi na jira.