Garwashin Ɗangana a Bakin Rijiya

Akwai wani dattijo mai yasar rijiya a ƙasar Deule, sunansa Ɗangana. Shekara arba'in yana wannan aiki, har bayansa ya tanƙware. Kafin ya shiga kowace rijiya sai ya zuba garwashi a kasko, ya zura da igiya har ƙasa, ya jawo ya duba. In ya fito ja, ya shiga. In ya mutu, ba ya shiga.

Da yake kakanninsa arna ne, mutane suka yanke cewa tsafi yake yi. Shi kuwa ya gaji da surutu, bai taɓa tanka musu ba.

A bazarar 1942 rijiyar gari ta ƙafe, sai laka. Mata na tafiyar rabin wuni neman ruwa, awaki na faɗuwa. Aka kira Ɗangana. Ya zura kaskonsa gaba ashirin, garwashin ya dawo baƙi ƙirin.

"Ba a shiga yau," in ji shi. "Sai an koro iskan ƙasa."

Alhusaini, magidanci mai ji da ƙarfi da ɗan karatu, ya yi tsaki. "Baba, ɗiyanmu na kukan ƙishirwa, kai kana tambayar iskoki? Mun bar wanga aiki tun da munka musulunta!"

Ya kama igiya ya sauka. Da ya kai ƙasa ya kwance ta daga ƙugunsa don ya ɗaura guga. Aka ji ya yi kira sau ɗaya. Daga nan shiru.

Matarsa Delu ta zube gaban tsohon. "Baba, don Allah ka shiga!"

"In na shiga yanzu, gawa biyu za ku hiddawa, ɗiyata."

Ya sa aka ɗaure rassa masu ganye, ana zurawa ana fizgowa don iska ta sauka. Ya sake gwada garwashi, garwashin ya mutu. Aka ci gaba har hannuwa suka sage. A karo na uku ya dawo da ɗan ja. Tsohon ya sauka.

Ya fito da Alhusaini, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Bayan jana'iza liman ya matso kusa da shi. "Ɗangana, wai mi garwashin nan ka gaya maka?"

"Malam, wuta da mutum iska guda su ka sha. Inda garwashi ya mutu, mutum ma ba shi rayuwa. Shi ke nan."

"To don mi ba ka taɓa hwaɗi ba?"

Tsohon ya share fuska da hannun riga. "Shekara arba'in, kai ne na hwarko da ya tambaye ni."

Ni dai wannan amsa ta fi mutuwar ma ci mini rai.

Darasi: Abin da ba ka gane ba, tambaya kafin ka raina shi, mai sani kuma kada gajiya ta rufe masa baki. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shiga rijiya da masu kunna gawayi a rufaffen ɗaki.