Rantsuwar Ashiru Tela a Gidan Kallo

Akwai wani tela a unguwar Kanti cikin garin Kazaure, sunansa Ashiru. Ɗinkinsa ba laifi, amma ba da allura ya yi suna ba, da hasashen ƙwallo ya yi. Duk shekara kafin a buɗe gasar Ingila, sai ya faɗi ƙungiyar da za ta ɗauki kofi. Shekara uku a jere yana faɗa yana dacewa.

Daga nan samari suka laƙaba masa "Na Gani". Shi kuwa kai ya kumbura, har ta kai idan yana maganar ƙwallo ba ya ko cewa in sha Allahu.

Abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne bai taɓa taka shagon caca ba. Idan ya ga matasa sun fito da 'yar takardarsu a hannu, sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirye ku. Ni sani nake yi, ba caca ba."

Matarsa Sadiyya 'yar Gwiwa ce. Shekararsu tara da aure, da 'ya'ya mata biyu, babbar sunanta Ummi. Sau biyu Ashiru yana sakin ta cikin fushi, sau biyu manya suna shiga tsakani tana dawowa. A dawowar ta biyu mahaifinta ya zaunar da shi ya ce, "Ashiru, igiya ɗaya ta rage muku. Ka iya bakinka."

Ya yi alkawari har da hawaye, kuma a gaskiya ya riƙe. Shekara huɗu suka yi ba wanda ya ji kansu. Yana son matar nan, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Wata Asabar cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, saura mako guda a fara gasa. Bayan la'asar ruwa ya tsare mutane a gidan kallon Joseph, wani mutumin kudu da ya shekara ashirin a Kazaure, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ba wasan da ake nunawa, don haka aka ɓalle da musu.

A cikin taron akwai Babagana, mai sayar da hatsi a kasuwar Babura, abokin musun Ashiru na shekara da shekaru. Ya ɗaga wayarsa sama.

"Kamfanonin caca sun fitar da jerinsu," in ji shi. "Masu shuɗiyar riga ne a kan gaba. Naka masu jar riga, Ashiru, na huɗu suke. Bana ganinka ya ƙare."

Ashiru ya yi tsaki. "Na'ura ce ta rubuta musu. Ni na ga 'yan wasan da aka saya, na ga kocin. Kofin bana na jar riga ne, an gama."

"To in ka tabbata, sa wani abu mana. Ni na sa buhun gero."

"Ka san ba na caca."

"Ai shi ke nan!" Babagana ya juya ga jama'a yana dariya. "Wanda ba abin da zai rasa, ai komai ma zai iya faɗa. Baki ba a sayen sa a kasuwa."

Gidan ya ɗauki shewa. Wani daga baya ya ce, "Na Gani ya ji tsoro!" Wani ya maimaita, wasu suka hau buga benci.

Dariyar nan ce ta kayar da shi. Mutumin da ya saba a tafa masa, yau ana nuna shi da baki. Ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ɗaga hannu.

"Buhun gero shi ne abin sawa? To ku shaida, dukanku. Idan jar riga ba su ɗauki kofin bana ba, na saki Sadiyya!"

Dariya ta ɗauke. Sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Joseph ya taso daga bakin ƙofa ya kama hannunsa. "Haba, Ashiru. Janye maganar nan. Ko mu a coci ba a wasa da aure haka."

"Me zan janye? Wata tara ne kawai, za ku gani da idonku."

Babagana ya sa wayarsa a aljihu, murya ƙasa ƙasa ya ce, "Ni ban ce ka kai nan ba." Amma magana zarar bunu ce. Ga shi kuma wani ya riga ya ɗauki bidiyon, kafin ruwa ya ɗauke ya zaga rabin gari.

Da Ashiru ya isa gida dab da magariba, ya tarar da Sadiyya zaune a bakin murhu, tuwo yana ƙonewa ba ta ko duba shi ba. Maƙwabciyarta ta riga ta nuna mata bidiyon.

"Baban Ummi," ta ce, ba ta ɗago ba, "abin da na gani gaskiya ne?"

"Ke dai kwantar da hankalinki. Ban taɓa faɗa na kuskure ba. Kofin nan kamar yana hannu."

"Ban tambaye ka kofi ba. Shi wancan ya sa buhun gero, kai ka sa ni. A gaban maza, ana dariya."

"Don na tabbata ne, Sadiyya. Da ina shakka ai ba zan ambaci sunanki ba."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sauke tukunyar ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi yayanta Abu ya iso daga Gwiwa a kan babur. Bai yi faɗa ba. Ya ce mahaifinsu ya ce su je tare a tambayi masu sani. Suka tafi wurin wani dattijon malami da mutanen gari suke kai wa irin waɗannan matsaloli.

Ashiru ya durƙusa ya kwashe labari, yana ta jaddada cewa sharaɗi ne kawai, ba a ma fara wasa ba.

Malamin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Kai ka san wanda zai ɗauki kofin?"

"Allah gafarta malam, alamu duk sun nuna..."

"Ban ce alamu ba. Ka sani?"

Ashiru ya sunkuyar da kai. "Allah ne masani."

"To ka rataya aurenka a kan abin da Allah kaɗai ya sani. A abin da muka karanta, wanda ya yi irin wannan rantsuwa a kan gaibu ba a jira a ga yadda za ta kaya, domin ba a zaman aure cikin shakka. Sakin ya auku tun jiya, lokacin da maganar ta bar bakinka. Na nawa ke nan?"

Abu ne ya ce, "Na uku, Allah gafarta malam."

Malamin ya yi salati. Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri."

Ni ba malami ba ne, 'yan uwa, abin da aka faɗa masa nake faɗa muku. Shi ma bai yarda nan take ba. Ya je Roni wurin wani malamin, ya je Babura wurin wani, yana neman mai sassauta masa. Duk inda ya je, da amsa ɗaya yake dawowa.

Ranar da aka zo kwashe kayan Sadiyya, ya bi ta har ƙofar gida yana roƙo. Ya ce akwai dabara, a samu wani ya yi auren kisan wuta, ya aure ta ya sake ta, ta dawo ɗakinta.

"Ka sa ni a musu," ta ce, "yanzu kuma ka sa ni a dabara? A'a, Baban Ummi. Na yafe maka, amma ya isa."

Ta ɗauki ƙaramar, babbar ta riƙe gefen mayafinta, suka shiga mota.

Aka fara gasa. Masu jar riga suka yi ta ci, mako bayan mako. Ashiru bai ƙara taka gidan kallo ba, amma labari yana iske shi har kan keken ɗinki. Duk nasarar da aka yi sai wani ya leƙo shago ya ce, "Na Gani, aikinka na kyau!" Shi kuwa sai ya ji kamar an soka masa allura a ƙirji.

Sadiyya ta gama idda bayan kaka. Kafin bazara wani malamin makarantar firamare a Roni, wanda matarsa ta rasu, ya nemi aurenta, aka ba shi. Masu zuwa can sun ce tana zaune lafiya.

A watan Mayu, ana tsananin zafi, masu jar riga suka ɗauki kofi. Da yammacin ranar samari suka cika titin Kanti da babura, suna ta hon, suna kiran sunansa. Ashiru ya ja ƙofar shago ya zauna a ciki.

Can sai aka ƙwanƙwasa a hankali. Babagana ne, shi kaɗai, duk ya rame. Tun ranar musun bai iya haɗa ido da Ashiru ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Na zo ka yafe mini," ya ce. "Kuma gaskiya a faɗe ta, kai ka ci musu."

Ihun samari yana ta shigowa ta taga.

"Na ci, Babagana," ya ce. "To in je gida in gaya wa wa?"

Darasi: Ba mai takardar caca kaɗai ne ɗan caca ba. Duk wanda ya ɗora mutuncin iyalinsa a kan musu don kada a yi masa dariya, ya yi cacar da ta fi kowace muni, ko da hasashensa ya zama daidai. Gobe ta Allah ce, aure kuma ba abin rantsuwa ba ne. Ka tura wannan labari ga abokinka mai zafin musu tun kafin a buɗe gasar bana, wataƙila ka ceci gidan wani.