Ƙullin Ɗamarar Safiyatu

An yi wani mutum a garin nan na Makka, ya 'yan'uwa, kuma ba a zamanin da ba, a 'yan shekarun nan ne. Ba zan faɗi sunansa ba. Don Allah kada kowa ya waiga ya kalli na kusa da shi, domin wannan waigen shi ne ainihin cutar da na zo in yi magana a kanta.

Mutumin nan ɗalibin ilimi ne, daga gida ya zo karatu, yana kuma karantar da wasu. Yana da ƙwaƙwalwa, yana da murya, in ya ja baƙi sai ka so kada ya tsaya. Ya auri 'yar mutanenmu haifaffiyar nan, Safiyatu, 'yar Alhaji Mailafiya na unguwar Tandabawi, suka kama ɗan gida a unguwar Ka'akiyya. Aibinsa ɗaya ne, zato. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce me kake nema a wurinsa. In ka gaishe shi a gajarce, ya ce me aka gaya maka a kansa.

Zaton nan ya riga ya ci masa igiya biyu. Saki na farko, ya shigo ya tarar tana dariya a waya, ashe da yayarta take magana. Na biyu, ya ji ƙamshin wani turare a abayarta, ashe a kanti aka fesa mata ta gwada. Duka biyun Alhaji Mailafiya ya danne zuciyarsa ya mayar masa da ita. Saura igiya ɗaya tal. Ku riƙe wannan, domin a kanta labarin yake.

Safiyatu tana da asma tun tana ƙarama. Hawa bene ɗaya sai ta dafa bango tana haki. Tana da 'yar kawu, Mujahida, mai koyar da kareti a wani wurin motsa jiki na mata. Wata rana a watan Rajab ta ce wa mijin tana so ta riƙa zuwa wurin Mujahida ta koya mata numfashi irin na masu kareti, ko ƙirjinta ya buɗe. Yana danna waya ya ce to. Da bakinsa ya ce to, ya 'yan'uwa.

Ba a yi wata guda ba ya ga matar tana hawa bene ba ta dafa bango. Ta yi haske, tafiyarta ta yi nauyi a ƙasa. Mutumin kirki me zai ce? Alhamdulillahi. Shi kuwa sai ya fara tambayar kansa: wannan ƙarfin daga ina? Kuma me ya sa ni nake raguwa? Don a kwanakin yana fama da kasala, hadda tana zame masa, ya faɗi jarrabawa ɗaya. Bai tuna shayin da yake ɗirka kofi goma a rana ba, bai tuna wunin da yake yi a kan waya ba. Sai ya ce ƙarfinsa ake ɗiba ana zubawa a jikinta.

Wata hantsi ya yi sallama kamar zai tafi darasi. Ya sauka ƙasa, ya dawo, ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Malamin ilimi, yana sanɗa a gidansa kamar ɓarawo! Ya leƙa ta tsagar ƙofa. Ya gan ta tsaye a tsakar ɗaki, ta ware ƙafafu, ta ɗaura farar ɗamara a ciki, ta yi mata ƙulli a kan cibiya. Ta ja iska ta hanci, ta riƙe, leɓenta yana motsi. Sannan ta sunkuyar da kai, ta tsuke baki, ta hura iskar a hankali, kuma iskar a kan ƙullin take sauka.

Ƙulli, ga huri, ga baki yana motsi! Nan take ya tuna masu tofi a cikin ƙulli, waɗanda muke neman tsari daga sharrinsu safe da yamma. Ya ce shi ke nan, ya kama ta. Ya ciro waya ya ɗauki hoton matarsa ba mayafi, ta tsagar ƙofa.

Daga ranar ya daina cin abincinta. In ta zuba masa, ya ce ya ƙoshi, ya fita ya sayi ful da tamis, waken nan da gurasar Larabawa. In ta miƙo masa ruwa, ya juye a bayi. Ya duba ƙarƙashin katifa, ya zare ɗinkin matashi, ya tone tukunyar fulawa. Bai samu komai ba. Kun zaci hankalinsa ya kwanta? Sai ya ce lallai ta ƙware wajen ɓoyewa.

Ni ya zo wa, a nan Aziziyya, bayan la'asar. Zai nuna min hoton, na ce rufe wayarka, matar aure ce. Ya ba ni labarin, na ce malam, ka tambaye ta? Ya ce ai mai sihiri ba ya amsa laifinsa. Na ce je ka tambaye ta dai, kalma uku ce, me kike yi. Ya yi min wani irin kallo ya miƙe. Daga baya na ji yana faɗa wai ni ma dangin matar sun saye ni. Ni da ko gidansu ban sani ba a lokacin! Wallahi abin ya ɓata min rai.

Mako uku yana dafa abin a zuciyarsa. Ran wata Juma'a ya sace ɗamarar ya cusa a aljihu, ya ce mata ta shirya su je gaida Baba. A Tandabawi gida cike yake, 'ya'ya da surukai sun zo cin abincin Juma'a. Bai bari ma an sha gahawa ba. Ya jefa ɗamarar a gaban surukinsa, ya ce 'yarsa matsafiya ce, ga shaida. Kun san nauyin wannan kalma a ƙasar nan. Kun san abin da za ta iya jawo wa gida guda in ta fita waje. Alhaji Mailafiya ya ɗaga hannu ya ce, "Zauna, ya waladi, zauna ɗana, mu ji ta bakinta." Bai zauna ba. A tsaye ya furta sakin, a gaban mutum goma sha.

Sai Mujahida ta yi magana daga bayan labule. Ta ce wa ƙanen Safiyatu ya ɗauki ɗamarar ya ɗaura wa malam a ciki. Kafin ya ankara an ɗaura. Ta ce, "Yalla, ja numfashi. Ka ji cikinka ya tokari ƙullin? In bai tokara ba, da ƙirji kake ja, kuma shi ke kawo haki." Ta ce duk ɗalibanta haka take yi musu. A ja iska ana ƙirga huɗu, a riƙe ana ƙirga huɗu, a saki ana ƙirga takwas, ido a kan ƙullin don a ga cikin yana komawa. Motsin bakin da ya gani, ƙirge ne. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wannan shi ne tsafin.

Safiyatu ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce, "Shekara shida, ko sau ɗaya ba ka taɓa tambayata ba." Ta shige ɗakin mahaifiyarta.

Washegari ya dawo wurina, ido ya yi ja, wai in nema masa mafita, wai cikin fushi ya yi. Na ce wane irin fushi ne mutum zai yi mako uku yana shirya shi, har ya zaɓi ranar Juma'a? Ya zagaya wurin malamai huɗu bayana, amsar ɗaya ce: saki ya auku, igiya ta ƙare. Magana ta bazu. Waɗanda suke ɗaukar karatu a wurinsa suka janye ɗaya bayan ɗaya, don wa zai zauna gaban mutumin da ke leƙen iyalinsa ta tsagar ƙofa?

Amma ba a nan ya gama faɗuwa ba.

A ƙarshen watan Zulƙida mahaifiyarsa ta iso aikin Hajji. Ya je masaukinsu sai ya tarar da ita a keken marasa lafiya. Gwiwoyinta sun daina ɗaukarta tun bara, kuma ta hana a gaya masa. Shi ma bai gaya mata sakin ba. Kalmarta ta farko: ina Safiyatu? Ya yi kame-kame, ƙarshe dai ya faɗa.

Sai tsohuwa ta ce masa ita ta kira yarinyar a Rajab, ta gaya mata halin ƙafarta, ta roƙe ta ta rufa mata asiri don kada hankalinsa ya rabu da karatu. Ta ce mata ba ta son wani ƙato da ba ta sani ba ya tura ta a Harami. "Ta ce min, Inna, ba mai tura ki sai ni. Na ce ke da ƙirjinki? Ta ce ki ba ni wata huɗu."

Kun ji abin da take hura wa ƙulli, ya 'yan'uwa. Numfashi take tarawa don uwarsa.

Ranar da za ta yi ɗawafi, ya ce shi zai tura ta. Suka hau bene inda masu keke suke ɗawafi, kuma kun san tsawon zagayen can. Zagaye na ɗaya lafiya. Na biyu gumi. A na uku ƙirjinsa ya ɗaure, gwiwa ta saki, ya jingina da ginshiƙi yana haki, baki buɗe. Tsohuwa ta ciro 'yar wayarta daga jaka. Ashe tun daga masauki ta kira Safiyatu, kuma tun zagayen farko ana biye da su daga nesa.

Safiyatu ta fito daga cikin mata, idda ta riga ta cika. Ta durƙusa ta gaida Inna, ba ta dubi inda yake ba. Ta kama hannun keken, ta ja iska ta hanci, ta saki a hankali, ta tura. Ta cika ɗawafin, ta yi Safa da Marwa bakwai, ba ta dafa bango ba. Shi kuwa yana baya yana bi, yana hango bayan matar da ta haramta gare shi, har ta ɓace masa cikin jama'a. Bayan Hajji aka ɗaura mata aure da wani. Shi yana nan, na gan shi makon jiya, shi kaɗai yake cin abinci.

Ya 'yan'uwa, ba a yi wa mutumin nan sihiri ba. Zato ya rusa masa gida, da leƙe, da ƙin tambaya. Allah ya hana mu yawan zato, ya hana mu bin diddigin juna, kuma mutumin nan ya san wannan aya da ka, yana karantar da ita. Ilimin da zai kare shi, shi ya mayar hujjar zalunci. In ka ga abin da ba ka gane ba a gidanka, buɗe baki ka tambaya. In an ba ka amsa, ka karɓa. Wanda yake ɗauke da zargin wani a zuciyarsa yanzu haka, ya san kansa, ba sai ya waiga ba.

Allah ya wanke zukatanmu daga mugun zato. Allah ya riƙe harsunanmu lokacin fushi, ya saka wa waɗanda suke mana alheri a ɓoye muna zarginsu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye gidajenmu daga hannunmu. Amin.